Yadda Ake Kare Fata Daga Sinadarai Masu Guba Ta Hanyar Sanin Aikin Enzayim Ɗinta

Mutumin da yake aiki da maganin ƙwari, ko fenti, ko siminti, ko baƙin mai, yakan kula da hancinsa da bakinsa fiye da yadda yake kula da hannunsa, domin a ganinsa fata rufi ce kawai wadda in ta ɓaci sai a wanke a wuce wurin. Wannan tunani yana da ƙamshin gaskiya, amma bai cika ba. Lalle saman fata matattun ƙwayoyin halitta ne da aka jera kamar tubali, da wani irin maiƙo a tsakaninsu a madadin laka, kuma a yawancin sassan jiki kaurin wannan shimfiɗa bai wuce kashi 2 cikin 100 na milimita ɗaya ba. Sai dai a ƙarƙashinta akwai rayayyun ƙwayoyi masu ɗauke da enzayim, wato wasu nau'o'in furotin da aikinsu shi ne hanzarta juyar da wani sinadari ya koma wani, kuma duk abin da ya ratsa shimfiɗar sama sai ya bi ta cikinsu kafin ya kai ga jini. Da yake faɗin fatar baligi ya kusa murabba'in mita 2, wannan ƙofa ce babba, kuma ya dace wanda ke mu'amala da sinadarai ya san mai gadinta da iyakar ƙarfinsa.

Enzayim ɗin fata suna aiki hawa biyu, kamar yadda na hanta suke yi. Rukuni na farko, wanda ya haɗa da dangin sitokurom P450 da dangin esteres, yana tsinka baƙon sinadari ko ya maƙala masa iskar oksijin. Rukuni na biyu kuma yana ɗaura wa abin da ya fito wani ƙaramin sinadari, kamar gulutatayon ko asetil, domin jiki ya iya fitar da shi ta fitsari. Abubuwa biyu ne game da wannan tsari suka shafi mai aiki kai tsaye. Na farko, ƙarfin enzayim ɗin fata bai kai na hanta ba, musamman dangin P450, saboda haka idan sinadari ya yi yawa ko ya daɗe a jiki yakan fi ƙarfinsu, ragowar ta wuce yadda take. Na biyu, wanda mutane da yawa ba su sani ba, enzayim ba ya tantance abin da ya zo masa. Sassaƙar da yake yi iri ɗaya ce, kuma wani lokaci abin da ya sassaƙo ya fi wanda ya shigo illa. Duk matakan da ke tafe a kan waɗannan abubuwa biyu aka gina su.

Mataki na farko: a san abin da ake taɓawa

Kafin a buɗe gwangwani ko jarka, a karanta abin da aka rubuta a jikinta, a kuma nemi takardar bayanan kariya da masu sarrafa sinadarin suke fitarwa. Takardar tana da sassa 16 a tsarin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta daidaita, amma uku ne suka fi muhimmanci ga fata: sashe na 4 yana bayanin taimakon gaggawa, sashe na 8 yana faɗin kayan kariya da irin safar hannun da ta dace, sashe na 11 kuma yana bayanin illar sinadarin ga jiki. Akwai lambobin gargaɗi da ba sa canzawa ko da wane harshe aka rubuta takardar. H310 na nufin sinadarin na iya kisa ta hanyar taɓa fata, H311 mai guba ne ta fata, H314 yana ƙona fata, H317 yana iya jawo alaji, wato ƙaiƙayi da ƙurajen da ke fitowa idan jiki ya ƙi wani abu, H350 kuma yana iya jawo ciwon daji. Wanda ya haddace waɗannan biyar ya samu rabin abin da yake buƙata.

Mataki na biyu: a gane yadda fata za ta yi da shi

A nan ne ya kamata a tsaya a natsu, domin irin hulɗar da ke tsakanin sinadari da enzayim ita ce ke nuna irin kariyar da za a ɗauka.

Kwalta, da kunkunniya, da baƙin man da aka juye daga inji, duk suna ɗauke da wasu sinadarai da ke samuwa idan abu bai ƙone sarai ba. Tun a shekarar 1775 wani likitan fiɗa a Landan, Percivall Pott, ya lura cewa masu sharar bututun hayaƙi suna yawan kamuwa da ciwon daji a fatar maraina, ya kuma danganta hakan da kunkunniyar da ke maƙalewa a jikinsu tun suna yara. A 1915 wasu masana biyu a Japan, Yamagiwa da Ichikawa, suka tabbatar da zargin ta hanyar shafa kwalta a kunnen zomaye har ciwon ya fito, sannan a 1933 aka ware ɗaya daga cikin sinadaran da ke da alhakin haka, wato benzopairin. Abin lura shi ne benzopairin a karan kansa ba ya kama ƙwayar gado ta DNA. Sai ya shiga rayayyar fata, enzayim ɗin P450 ya maƙala masa oksijin, wani enzayim ya ƙara gyara shi, P450 ya sake komawa kansa, sannan ya zama abin da ke manne wa DNA ya gurɓata ta. Bugu da ƙari, shigar irin waɗannan sinadarai tana sa ƙwayoyin fata su ƙara yawan wannan enzayim ɗin, ta yadda wanda yake taɓa su kullum fatarsa tana ƙara himma wajen sarrafa su. Saboda haka kariyar da ta dace a nan ita ce hana su zama a jiki: a wanke da sabulu da zarar an tashi daga aiki, kada a sa tsumman goge mai a aljihun wando, kada a maimaita kayan aikin da suka jiƙe da mai ba tare da an wanke su ba, kuma kada a shiga rana da kwalta a jiki, domin hasken rana yana ƙara mata cin fata.

Rinin gashi mai daɗewa misali ne na ɗaya ɓangaren, inda enzayim yake kare mutum amma ƙarfinsa yana da iyaka. Yawancin baƙin rini yana ɗauke da sinadarin da ake taƙaita sunansa da PPD. A fata akwai enzayim mai suna NAT1 wanda ke ɗaura masa asetil, kuma da zarar an yi haka ba ya iya tayar da garkuwar jiki. Abin da ya kuɓuce wa wannan enzayim shi ne ke haɗuwa da oksijin, ya manne wa furotin ɗin fata, garkuwar jiki ta ɗauke shi a matsayin abokin gaba. Wannan shi ya sa wuce lokacin da aka rubuta a kwali, ko yin haɗi mai kauri, ko shafa rinin kai tsaye a fata domin zane, yake da hatsari sosai. Idan garkuwar jiki ta riga ta san PPD, ba ta mantawa, kuma daga ranar ɗan kaɗan ya isa ya kumbura fuska da fatar kai. Masu rina wa wasu gashi su ne suka fi kowa buƙatar safar hannu, tun daga haɗawa har zuwa ɗaurayewa, kuma ɗaurayewar ce aka fi yin sakaci da ita. Haka abin yake ga wasu sinadaran ƙamshi: akwai wanda ake samu a turaruka da mayukan shafawa, sinamil alkohol, wanda enzayim ɗin fata ke juyarwa ya koma sinamaldehaid, kuma wannan na biyun ya fi saurin jawo alaji.

Akwai kuma enzayim mai suna tairosines, wanda ke cikin ƙwayoyin da ke samar da launin fata. Wasu sinadarai dangin fenol sun yi kama da abin da yake sarrafawa, sai ya karɓe su ya juyar da su su zama guba ga ƙwayar da yake ciki. A 1939 aka ba da rahoton ma'aikatan wata masana'antar jima a Amurka da hannuwansu suka yi dabbare-dabbaren fari, aka gano cewa wani sinadari dangin haidurokwinon da aka sa a robar safar hannunsu ne sanadi. A 2013 irin haka ta faru a Japan, inda aka janye mayukan ƙara hasken fata masu ɗauke da sinadarin rododendurol bayan dubban mutane sun samu fararen tabo. Sinadarin makuri, wato zaiba, da ake sakawa a wasu mayukan ƙara hasken fata, shi ma da wannan enzayim ɗin yake aiki, yana daƙile shi, amma a lokaci guda yana ratsa fata ya taru a jiki ya lalata ƙoda da jijiyoyi. Ra'ayina a nan a fili yake: duk man shafawar da bai lissafa abubuwan da ke cikinsa ba, kuma yake alkawarin sauya launi cikin 'yan kwanaki, bai cancanci a sa shi a jiki ba. Wanda kuma ya ga farin tabo ya fito masa daidai inda yake taɓa roba, ko gam, ko maganin kashe ƙwayoyin cuta a wurin aiki, ya dakatar da taɓawar ya ga likita da wuri, domin idan ƙwayoyin launi suka mutu da wuya su dawo.

Maganin ƙwari dangin oganofosfet shi ne ya fi gaggawar kisa a cikin waɗannan. Esteres ɗin fata na iya karya ɗan kaɗan daga cikin wasu magungunan ƙwari, amma ba abin dogaro ba ne. Mafi yawan abin da ya ratsa shimfiɗar sama yana wucewa cikin jini, a wasu nau'o'in ma hanta ta ƙara masa ƙarfi, sannan ya je ya daƙile enzayim ɗin kolinesteres wanda ke kashe saƙon jijiya bayan ya gama aikinsa. Idan wannan enzayim ya tsaya, saƙon ba ya yankewa, sai gumi da yawu da hawaye su ɓarke, baƙin ido ya tsuke, tsoka ta riƙa rawa, ƙirji ya cika da majina. Duk wannan na iya faruwa ba tare da fatar da maganin ya ratsa ta nuna ko ja ba.

Mataki na uku: a kiyaye shimfiɗar sama

Tun da enzayim ɗin ciki ba su da ƙarfin tare komai, kariya ta gaske ita ce shimfiɗar sama, kuma ita ma enzayim ne ke gina ta. Wasu suna haɗa maiƙon da ke tsakanin matattun ƙwayoyi, wasu kuma suna tsinka igiyoyin da ke riƙe da tsofaffin ƙwayoyi domin su zube a kan kari. Saman fata yana da ɗan tsami, wajen 5 a ma'aunin pH (inda ƙaramar lamba ke nuna tsami, babba kuma ke nuna kaifi irin na soda), kuma a wannan yanayi masu haɗa maiƙo suna aiki da kyau, masu tsinkawa kuma suna tafiya a hankali. Idan aka yawaita wanke hannu da sabulu mai kaifi ko omo, ko aka bar jiƙaƙƙen siminti a fata, wanda ma'auninsa ya kai 12 zuwa 13, sai lamarin ya juye: masu gini su yi sanyi, masu rushewa su yi sauri, fata ta bushe ta tsattsage.

Daga nan ake gane illar wanke hannu da fetur, ko kananzir, ko tina. Suna fitar da fenti da mai nan take, amma suna narkar da maiƙon fata tare da su, kuma suna iya jan dattin da ake son cirewa su shige da shi ciki. Abin da ya dace shi ne a fara goge mai ko fenti da tsumma mai tsabta, a sassauta ragowar da man shafawa ko sabulun da aka yi domin masu aikin inji, a wanke da ruwa mai ɗumi kaɗan, a tsane, sannan a shafa mai marar ƙamshi. Shafa mai bayan aiki yana daga cikin kayan kariya, ko da yake maza da yawa suna raina shi. Duk wani yanka, ko ƙuna, ko kirci, a rufe shi da filasta marar shan ruwa kafin a fara aiki. Maganin ciyawa na parakwat ya isa misali: ba ya ratsa lafiyayyar fata sosai, amma ta fatar da ta ji rauni, ko wadda shi kansa ya ci saboda daɗewa a jiƙaƙƙen tufafi, ya kashe mutane.

Mataki na huɗu: a zaɓi safar hannu da tufafin da suka dace

Babu safar hannu guda da ke tare kowane sinadari. A watan Agusta na 1996 wata farfesar kimiyyar sinadarai a Kwalejin Dartmouth ta Amurka, Karen Wetterhahn, ta ɗiga digo ɗaya ko biyu na wani nau'in makuri mai suna daimetil makuri a kan safar hannunta ta roba. Ba ta ga alamar komai ba sai bayan watanni, kuma ta rasu a watan Yuni na 1997. Gwajin da aka yi daga baya ya nuna cewa sinadarin yana ratsa irin wannan roba cikin daƙiƙoƙi. Ƙwararriya ce da ta bi ƙa'idar da aka sani a lokacin, shi ya sa labarinta ya sauya yadda ake zaɓen safar hannu a ɗakunan bincike. A duba sashe na 8 na takardar bayanai a ga irin robar da aka ambata da tsawon lokacin da take jurewa. Safar yadi ko ta fata ba ta dace da sinadari mai ruwa ba, domin tana tsotse shi ta riƙe shi a jikin hannu. Idan sinadari ya shiga cikin safar roba, to gara hannu tsirara da ita, saboda gumi da ɗumi da rufewa suna jiƙa shimfiɗar sama su sauƙaƙa masa shiga. A wanke bayan safar kafin a cire ta, kuma wadda aka yi domin amfani sau ɗaya kada a maimaita ta.

Sassan jiki ma ba ɗaya suke ba. A wani bincike da aka wallafa a 1971 an gwada maganin ƙwari na paratayon a wurare daban-daban na jikin mutane, aka samu cewa dantse yana barin ƙasa da kashi 10 cikin 100 ya shiga, goshi da fatar kai suna barin kusan kashi ɗaya bisa uku, fatar maraina kuwa kusan duka. Ma'anar wannan a aikace ita ce share gumin goshi da hannun riga mai magani, ko zagawa bayan gida ba tare da wanke hannu ba, na iya shigar da guba fiye da abin da hannu ya sha a tsawon yini. A wanke hannu kafin a shiga bayan gida, a sa hula marar shan ruwa lokacin feshi, a guji feshi cikin tsananin zafi domin jini yana ƙara gudana a fata, kuma a wanke kayan aiki daban da na iyali. Yara ƙanana sun fi shiga hatsari, domin faɗin fatarsu yana da yawa idan aka gwada da nauyinsu.

Mataki na biyar: idan sinadari ya zuba a jiki

Kowane minti yana da daraja, saboda abin da ya riga ya shige rayayyar fata ruwa ba ya dawo da shi. A cire tufafi da takalmi da agogo da zobe nan take, kuma idan riga ta jiƙe a yanka ta maimakon a zare ta ta kai. Mai taimako ya sa safar hannu. Idan sinadarin gari ne busasshe, a fara kakkaɓe shi kafin a zuba ruwa. Sannan a kwarara ruwa mai yawa, mai gudana, na aƙalla minti 15 zuwa 20, a ƙara lokaci idan dangin soda ne ko siminti, domin su suna ci gaba da cin nama a hankali ba tare da zafi mai yawa ba da farko. Ga maganin ƙwari da abubuwa masu maiƙo a haɗa da sabulu, a kula da gashi da ƙarƙashin farce da matsematsin jiki. Kada a yi amfani da ruwan zafi, kada a dirje da soso mai kaushi, kuma kada a yi ƙoƙarin kashe asid da soda ko soda da asid a jikin mutum, domin haɗuwarsu tana haifar da zafi ta ƙara ƙuna.

Sinadarai biyu suna buƙatar kulawa ta daban. Asid ɗin haidurofulorik, wanda ake samu a wasu magungunan cire tsatsa da na wanke alminiyam, yana shigewa ciki ya zuƙe sinadarin kalsiyam na jiki, kuma idan mai ruwa-ruwa ne zafinsa na iya jinkiri har tsawon yini. Bayan wankewa ana shafa man kalsiyam gulukonet a garzaya asibiti ko da wurin bai nuna komai ba. Fenol kuma yana kashe jin zafi a inda ya taɓa, fatar ta yi fari, mutum ya zaci abin ya wuce alhali yana shiga jini. Duk wurin aikin da ake amfani da ɗayansu ya kamata ya tanadi maganin gaggawarsa tun kafin a buɗe kwalbar farko.

Mataki na shida: a sa ido kan alamun da ke zuwa a makare

Da yake sarrafawar enzayim da martanin garkuwar jiki suna ɗaukar lokaci, illar sinadari ba lalle ta bayyana a ranar da aka taɓa shi ba. Ƙaiƙayi da ƙurajen alaji sukan fito bayan awa 24 zuwa 72, kuma wanda ya shekara yana amfani da abu lafiya ƙalau yana iya wayar gari jikinsa ya ƙi shi. Alama mai amfani ita ce ciwon da ke sauƙi a ranakun hutu ya dawo idan an koma aiki. Likitan fata yana da gwajin da ake manna ƙananan sinadarai a baya na tsawon awa 48, a cire a duba, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu, domin gano takamaiman abin da jiki ya ƙi. Masu feshin oganofosfet a kai a kai ana iya auna musu ƙarfin kolinesteres a jini, kuma awon ya fi amfani idan an yi na farko kafin lokacin feshi ya kama, domin a samu abin kwatantawa. Wanda ya daɗe yana aiki da kwalta ko baƙin mai ya riƙa duba hannuwansa da fuskarsa da al'aurarsa, kuma duk gyambon da ya wuce 'yan makonni bai warke ba, ko tsiro mai kaushi da ke ƙara girma, a nuna wa likita.

Idan kuwa bayan taɓa maganin ƙwari aka ga gumi mai yawa, ko dalalar yawu, ko amai, ko gani ya dushe, ko numfashi ya yi wuya, a wanke jiki a tafi asibiti ba tare da jiran ganin yadda za ta kasance ba. A tafi da kwalbar a ɗaure cikin leda, ko a ɗauki hoton rubutun jikinta, a kuma faɗa wa likita lokacin da abin ya zuba, da sashen jikin da ya taɓa, da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin a wanke, domin da waɗannan bayanai ne zai yanke shawarar ba da allurar aturofin, mai karya illar irin wannan guba, da yawan da za a fara da shi.